Ciwon mara yana kwantar min da 'ya duk wata, ku ba ni shawara

Maman 'Yan Mata: Assalamu alaikum 'yan uwa. 'Yata ce mai shekara 14, duk lokacin da al'adarta ta zo sai ta duƙunƙune a gado tana riƙe da mara, wani lokacin har da amai da gudawa. Farasitamol nake ba ta, amma kamar ba ta sha komai ba. Don Allah me kuke yi wa naku?

Anti Babba: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba ta lafiya. Ki fara da gashi. Ki zuba ruwan ɗumi a gora, ki naɗe ta da tawul don kada ta ƙone fata, ki ɗora mata a ƙasan cibiya ko a ƙugu. Tawa da ta ji ɗumin nan za ki ga kafaɗunta sun saki, har barci ya ɗauke ta.

Anti Nas: Gashin nan magani ne na gaske, ku riƙe shi. Amma bari in faɗa miki abin da ya sa farasitamol bai cika yi mata aiki ba. Lokacin al'ada mahaifa tana fitar da wani sinadari mai suna furostagilandin, shi ke sa ta murɗawa don ta turo jinin waje, shi ne kuma ke kawo tashin zuciya da gudawar. Ibuprofen da mefenamic acid suna rage fitarsa tun daga tushe. Sirrin kuwa a lokacin sha yake. Kada a jira sai yarinya ta fara birgima. Da ta ga ɗigon farko ko ta ji mara ta fara motsi, a ba ta, a ci gaba kwana biyu zuwa uku. Mai shekara 12 zuwa sama tana shan ibuprofen miligiram 200 zuwa 400 duk awa 6 zuwa 8, bayan ta ci abinci, kada ya wuce 1,200 a yini sai da izinin likita. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda kada ta sha, mai asma ma a fara tambayar likita. Kuma ba a haɗa ibuprofen da mefenamic acid, 'yan gida ɗaya ne.

Ƙanwar Zaure: Anti Nas, asfirin fa? Shi nake sha ni.

Anti Nas: Ke kin girma, ƙanwata. Wadda ba ta kai 16 ba ba a ba ta asfirin, saboda cutar Reye mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa.

Malama: Ni damuwata kwanakin da ke gaban al'adar ne. Mako guda kafin ta zo sai tawa ta canza: abu kaɗan kuka, ƙannenta ba sa iya ratsa gabanta, ƙuraje su feso a goshi, ta ce ƙirjinta ya yi nauyi. Abin da ya taimaka mana kalanda ce. Ita da kanta take sa alama a ranar da jini ya zo da ranakun da ranta ke ɓaci. Da muka yi wata uku sai ga shi a fili, abu ne mai zuwa da lokacinsa, yana kuma tafiya da zarar jinin ya fara. Yanzu in kwanakin sun matso sai ta kwanta da wuri, mu ɗan taka da yamma tare, ni kuma in rage mata faɗa. Wallahi rage faɗan nan ya fi komai aiki.

Anti Babba: Gaskiya ne Malama. Kuma kalandar ce za ta nuna ranar da za a sa mata magani da audugar mata a jakar makaranta.

Maman 'Yan Mata: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. To idan na yi duk wannan bai lafa ba? A gida cewa ake ta yi haƙuri, kowace mace ta sha.

Anti Nas: Maganar nan tana min ciwo, Yaya. Ciwon da ke hana yarinya makaranta wata bayan wata ba na haƙuri ba ne. Idan kin bi ƙa'idar maganin wata uku babu sauƙi, ki kai ta wurin likitan mata. Akwai endometiriyosis, wato nama irin na shimfiɗar mahaifa ya tsiro a wajenta, yana iya farawa tun ana budurwa, mata da yawa kuma suna shekaru kafin a gano shi don ba a saurare su da wuri ba. Haka nan idan tana jiƙe auduga duk awa ɗaya ko biyu, ko jinin ya wuce kwana 7, ko tana jiri da haki, a auna jininta. Likita na iya rubuta ƙwayoyin daidaita sinadaran jiki, shi zai duba dacewarsu da ita. Malama, ke ma ki lura: in ɓacin ran ya kai tana cewa ta gaji da rayuwa, wannan ba a jiran wata mai zuwa, a ranar ake kai ta asibiti. Ku tafi da kalandar, likita zai tambayi ranakun.