Farin ɗigo a jikin kifin ado: shawarwarin da na tattaro

Da na ga ƙananan kifayena na ado biyu, irin guppy, suna goga jiki a jikin dutse, fiffikensu kamar an barbaɗa musu gishiri, na tambayi masu kiwon kifin ado, ga abin da suka ce.

Ƙwayar cutar da ke kawo wannan farin ɗigon, ich, tana manne a fatar kifi ne kuma a lokacin magani baya taɓa ta, sai ta faɗo ƙasan tanki ta hayayyafa ƴaƴanta su fito suna iyo, to nan ne magani ke kamasu. Shi yasa kowa ya nanata kar ka daina magani don ɗigon ya ɓace, ka ƙara kwana 3 zuwa 4 a kai, ni wannan ce shawarar da tafi min amfani wallahi.

A ɗaga hita a hankali zuwa digiri 28 ko 30 don zagayen rayuwar ƙwayar cutar yayi sauri, amma a ƙara famfon iska saboda ruwan ɗumi baya riƙe iskar shaƙa sosai. A cire gawayin filta kafin a zuba maganin da ake kira malachite green, in ba haka ba zai shanye maganin. Ana canza ruwa ana zuƙe dattin tsakuwa.

Inda aka yi saɓani shi ne gishiri, wasu sun yaba, wasu sunce kifaye irin su cory da loach basa jurewa kuma yana lalata tsirrai, ni dai rabin awon magani na ba kifayena. Magani mai jan ƙarfe a ciki kuwa yana kashe jatan lande da katantanwa. Sabon kifi a ware shi sati 2 zuwa 4 kafin a haɗa.