Abin da masu zuba jari ke son ji daga bakin ministan kuɗi

Tattaunawarmu da wasu 'yan kasuwa da malaman tattalin arziki ta karkata ne kan tafiye-tafiyen neman masu zuba jari da Wale Edun ya riƙa yi tun da ya zama ministan kuɗin Najeriya a 2023, daga taron Asusun Ba da Lamuni na Duniya (IMF) da Bankin Duniya na Marrakesh a Maroko zuwa na Washington da taron tattalin arzikin duniya na Davos a Switzerland.

Shawarar da ta fi ƙarfi ita ce minista ya tafi da hujja a hannu. Mai jari yana so ya san ko zai iya fitar da ribarsa da dala ranar da ya buƙata. Shi ya sa aka ce sakin farashin naira a Yunin 2023 da biyan bashin canjin kuɗin waje da ya taru a Babban Banki sun fi kowane jawabi tasiri. Aka kawo misalin takardun lamuni na dala biliyan 2.2 da gwamnatin Najeriya ta sayar a kasuwar duniya a Disambar 2024, waɗanda masu saye suka yi rububinsu.

An kuma ce kada manufa ta riƙa sauyawa dare ɗaya, musamman ta haraji.

Inda aka fi daɗewa shi ne batun halin da ake ciki a gida, kuma a nan nake tare da su. A Disambar 2024 ɗin hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Mai masana'anta a Sharaɗa ko Bompai a Kano da ke ƙona dizal saboda rashin wuta shi baƙon mai jari zai fara tambaya kafin ya sa kwabonsa. Don haka aka nemi ministan ya riƙa tafiya da irin waɗannan masu masana'antu cikin tawagarsa.