Budokai Tenkaichi 3 na tsayawa a PS2, faifai ne ko na'ura?

Ɗan Bagalam: Salamu alaikum 'yan uwa. PS2 (PlayStation 2) siririya ce, Dragon Ball Z Budokai Tenkaichi 3 na 2007 yana buɗewa, amma da an zaɓi Goku a shiga faɗa sai allo ya yi baƙi. Naruto Ultimate Ninja 5 kuma lafiya lau. Ina matsalar?

Na Mokoyo: Wa alaikumus salam. Tunda Naruto na tafiya, faifan nan ne ya karce. Amma ƙurar Maradi ba ta barin idon na'ura mai karanta faifai lafiya, ka goge shi da auduga da ɗan alkol, a hankali, kar ka danna.

Usta Zariya: Ƙanena, rabu da faifai. Nemi katin memori mai Free McBoot (manhajar da ke barin PS2 ta buɗe wasu manhajoji), ka sa OPL (manhajar kunna wasa ba tare da faifai ba), ka zuba wasan a kile na USB. Kile ɗin a yi masa foma a tsarin FAT32, kuma FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya wuce 4GB, sai an yanka shi da manhajar kwamfuta USBUtil. Idan ka yi ta goge wasanni a kile kana ƙarawa, fayil ya warwatse, baƙin allon zai dawo; kwashe komai, yi foma, sake zubawa. USB na PS2 1.1 ne, bidiyon farko zai riƙa sarƙewa, faɗan kansa dai ba laifi. Duba lambar ƙasan na'urar tukuna: SCPH-90000 na ƙarshe-ƙarshe ba sa karɓar Free McBoot.

Na Mokoyo: Gaskiya ne Usta. In kuma hoto ya fito fari da baƙi, wasan NTSC (tsarin Amurka da Japan) ne a tele PAL (tsarin Turai), nemi wasan na Turai.