Ruwa ya tono tsingaro da ƙasusuwa a kufai: a haƙa ko a bari?

Sada Mani: Assalamu alaikum. Akwai wani kufai a ƙasar Mani da ruwan bana ya yanka kwazazzabo ta gefensa. Tsingaro ya fito da yawa, da kashin maƙera, da ƙasusuwa, ga kuma bakin wata tukunya a jikin gaɓar. Yara sun fara tsinta, masu buga bulo na ɗibar ƙasa a wurin. A tono tukunyar a kai gidan tarihi, ko a ƙyale ta?

Malam Lawal: Wa alaikumus salam. A ƙyale ta inda take, Malam Sada. Abin da masana ke karantawa shi ne zurfin da take, launin ƙasar da ta rufe ta, da abin da ke kusa da ita. Da zarar an cire ta, wannan shaida ta tafi.

A ɗauki hoto daga nesa da kuma kusa, a ajiye rula a gefe don a gane girma, a adana lambar GPS ta waya. A sanar da mai unguwa da dagaci su tsayar da masu bulo, sannan a kai rahoto gidan tarihi na Katsina, wanda ke tsohon ginin Kwalejin Katsina. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana haƙa irin wannan wuri ba da izininta ba. Kafin su iso, a jera buhunan yashi ta saman gaɓar don karkatar da ruwa, a rufe tukunyar da lallausan yashi. Ban da leda, tana tara gumi. Ban da siminti ko kaɗan.

Hajiya Binta: Ai misalin yana maƙwabtaka da ku, Durɓi ta Kusheyi, wurin tsoffin kaburburan sarakuna. Palmer, wani Bature jami'in mulkin mallaka, ya haƙa wurin a 1907. A 1992 aka sake buɗe kaburbura uku tare da Jamusawa, kuma ba a tsince kayan ɗaya bayan ɗaya ba: an ɗago su dunƙule da ƙasarsu, daga baya aka kai birnin Mainz na Jamus, can aka buɗe a hankali. Shi ya sa aka samu zinariya, duwatsun ado, kuɗin wuri, har da kwanon tagulla na Gabas ta Tsakiya, kowanne a mazauninsa, aka kuma gano shekarunsu tsakanin ƙarni na 13 da na 16.

In an ba da izini, da rani ake aikin, bayan girbi. A ja igiya a fitar da fili mita 2 sau 2, a riƙa sauka santimita 10 a kowane zango da cokalin magini da buroshi, a tankaɗe ƙasar a rariya mai ido milimita 5. Kowane zango da jakarsa da lambarsa. Gawayi shi ne abin lallaɓawa, don da shi ake auna shekaru: a ɗauke shi da bakin cokali, a naɗe a takardar alminiyam, kada ya haɗu da tokar sigari. Ɓarna ta fi zuwa bayan an fito da kaya. Tsingaro mai laima in an ƙulle shi a jaka sai ya yi hunhuna, takardar lambar ta ruɓe. Wasu kuma su goge tagulla da lemun tsami don ta yi ƙyalli, su kankare zanen da ke jikinta. Ƙashi kuwa in ya sha rana tsagewa yake yi, sai an yi masa inuwa.

Sada Mani: Na gode, Hajiya. To in ƙasusuwan na mutum ne fa?

Malam Lawal: Kada a taɓa su. A sanar da hakimi da 'yan sanda, don mai yiwuwa tsohuwar maƙabarta ce. Kwanciya a gefen dama, fuska na kallon alƙibla, babu kaya tare da mamaci, alamar kabarin Musulmi ce, sai a shigo da liman cikin shawara. Sannan kada a saka hoton da sunan ƙauyen a Facebook. Dillalan kayan tarihi na bibiyar irin wannan, kuma gumakan yumɓu na Katsina suna cikin kayan da aka fi sacewa a fitar waje. Duk wanda ya zo da tayin saye, a kai maganarsa wurin dagaci.