Musayar waƙa: ritaya, zafin bazara da tiyar hatsi

Mushe Ɗan Gulbi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Wuta ba ta dawo ba sai asuba, ga abin da daren ya haifa.

Na ajiye alli, na bar aji,
Sai ga ni a tsakiyar bazara.

Fansho in ya shigo da hantsi,
Kafin la'asar ya zama ƙura.

Mai gawayi na tsaye a ƙofa,
Mai tiya kullum sai ya ƙara.

Fanka ta tsaya tun isha'i,
Randa ce ke sanyaya hura.

Na Tibiri:
Mushe, ka sha inuwar gwamnati,
Yau rana ta taɓa ka ka yi ƙara?

Mu nan Gobir taki muke ja,
Amalanke na gona tun da aka fara.

Zo Tibiri in ba ka hauya,
Ka san yadda ake yin shara.

Bakatsine in an kai shi gona,
Sai ya ce ina aka aje kujera.

Hajiyar Unguwar Zariya:
Ku biyun ku dakata ku ji namu,
Mu muka san zafin ritaya.

Da can maigida na wurin aiki,
Bai san mi ke cikin tukunya.

Yau ya ja kujera bakin murhu,
Yana ƙirga magi, yana leƙen miya.

Jar akuyata ta haifi biyu,
Ya fara yi musu kuɗi tun jiya.

Ta Mokoyo:
Allah ya ja kwananki Yaya Hajiya! Wallahi kin gama magana. Maza biyu sun yi ta zuba, baiti huɗu kika yi kika rufe su. A gidanmu ma haka ne, har ashana ana tambayar ina ta tahi.

Mushe Ɗan Gulbi:
Bagobiri, kujerar da ka raina,
Ita ta sa ɗanka ya san dabara.

In saƙo ya shigo salularka,
Wa ke karanta ma shi tun bara?

Hajiya, mai leƙen miyar nan,
Shi ke ciro jika in an ce a ƙara.

Ɗan Autan Bagalam:
Iyayena ku yi haƙuri in sa baki, ga nawa.

Baba ku sa sola ku huta,
Ranar da ke ƙona ku ita za ta ba ku wuta kyauta.

Faranti biyu da batir guda,
Fanka ta kwana tana juyi har safiya.

Malam Mai Arulli:
Yaro, tsaya. Ɗangonka na farko, wato layin farko, gaɓa 9 ne, na biyu gaɓa 17. Ka ɗauko amsa-amo da "ta", baiti na biyu ka sauka a "ya". Wannan shawara ce mai kyau, amma ba waƙa ba ce. Baiti ana auna shi da gaɓa mai nauyi da marar nauyi, in ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo karin ya karye.

Ta Mokoyo:
Haba Malam! Yaro ya shigo da ladabi ka tare shi da ma'auni. Makaɗan fadar Maradi da na Tibiri a wace makaranta suka karanta arulli, wato ilimin awon waƙa? Ba waƙa suke yi ba?

Malam Mai Arulli:
Hajiya, makaɗi yana da taushi da 'yan amshi. In ɗango ya gaza sai ya ja murya, kiɗa ya cike masa giɓin. Mai rubutu ba shi da wannan gata, abin da ya sa a takarda shi mai karatu zai ji. Shi ya sa malaman da suka yi waƙa da ajami suka riƙe kari da amsa-amo gam. Ban hana yaron waƙa ba, cewa na yi ya gyara.

Na Tibiri:
To in gaskiya za a bi, a auna na Mushe ma. Ko don Bakatsine ne ɗan uwanka aka yi shiru?

Malam Mai Arulli:
Na Mushe ya riƙe "ra" daga farko har ƙarshe. Kai ma ka riƙe, amma baitinka na amalanke ya yi ɗingishi, ka maimaita shi da baki ka ji.

Hajiyar Unguwar Zariya:
Ɗan Auta, rabu da su. Faranti biyu da batir nawa suke yanzu a babbar kasuwa? Kuma ƙurar hunturu ba ta kashe su?

Ɗan Autan Bagalam:
Inna, zan tambayo miki kuɗin. Ƙura tana rage musu ƙarfi ne kawai, sai a riƙa shafe su da tsumma da sassafe kafin su ɗau zafi. Batirin ne ke son lura, kada a bari ya zube ƙasa kullum, kuma a aje shi a inuwa.

Na Madarumfa:
Ku gafarce ni, rezo ne babu, sai yau na ga waƙar Mushe. Amsata gare shi:

Hadari ya haɗo gabas jiya,
Mun ji ƙamshin ƙasa, mun ji tsawa.

Watan bakwai na bakin ƙofa,
Mai kukan zafi ya shirya wa ruwa.

Ku duba indararo, ku yi yaɓe,
Ginin ƙasa ba ya jiran kowa.

Gulbi na barci cikin rairayi,
In ya farka har gida yake zuwa.

Ba tsoratarwa nake ba. Gulbin nan shi ya ci tsohon garin Maradi a 1945 har aka tashi aka hau tudu, kuma kowa ya ga gidajen da suka faɗi a daminar 2024. Mushe, tunda kana gida yanzu, katangarka ta gabas ka fara dubawa.

Mushe Ɗan Gulbi:
Na gode ɗan uwa, na riga na yi magana da magini, bayan Juma'a zai zo.

Na Tibiri:
Malam ka auna na kowa da kowa,
Ina naka baitin, mai dabara?

Malam Mai Arulli:
Ni ba na zuba baiti barkatai,
Sai na auna shi kamar awon tiya.

Ɗan Autan Bagalam:
Baba Malam, da girmanka. Na ƙirga da yatsu sau biyu: ɗangon farko gaɓa 10, na biyu 11. Wanne za a gyara?