Ta ina zan fara koya wa 'yan aji uku cewa mace ma tana iyawa?

Malama_Aji3:
Assalamu alaikum jama'a. Ina koyarwa a wata firamare ta gwamnati kuma akwai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, duk sanda na tambayi yara me kuke so ku zama, maza su yi ta ɗaga hannu, likita, soja, matuƙin jirgi, har da gwamna, matan kuwa shiru, sai an matsa su ce nas ko malama, wata ma ce min ta yi ai mace ba ta zama alƙali. 'Yar shekara takwas fa! Ina so in riƙa ware musu ɗan lokaci ran Juma'a amma ba na son iyaye su ce na kawo baƙon abu. Don Allah a ba ni shawara.

Ummu_Sadiq:
Wa'alaikumussalam malama, ai ba sai kin je nesa ba. Fara da Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo, an haife ta 1793 ta rasu 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma ita ta kafa 'Yan Taru, tana horar da mata ana kiran kowacce jaji, ta ɗora musu malfa su shiga ƙauyuka suna karantar da 'yan uwansu mata da waƙoƙi. To wane uba ne zai ce wannan baƙon abu ne? Ita kuma mai maganar alƙali ki nuna mata hoton Aloma Mukhtar, ita ta riƙe kujerar Alƙalin Alƙalan Najeriya daga 2012 zuwa 2014.

MalaminƘauye:
Labarai suna da kyau amma wallahi yara abin da suke gani shi ya fi zama musu. Malama, wa ke share ajinki? Wa ke ɗebo ruwa? Waye monita? In kullum mata ke riƙe tsintsiya namiji ke riƙe alli da rubuta sunan masu surutu, to ko labari ɗari kika ba su an riga an gama darasin tun da safe. Ni jadawali na manna a bango, shara bi da bi, monita ma wannan zangon mace wancan namiji, da farko mazan sun yi ta ƙunƙuni, yanzu har gasa suke. Sannan ki nemo naira ashirin, in kin samu don ta yi wuya yanzu, ki juya bayanta su ga Ladi Kwali tana ginin tukunya, ki kawo yumɓu kowa ya gwada, maza da mata.

Ɗan_Dogonduci:
Mu nan Nijar muna da Sarauniya Mangu ta Lugu wadda ta tari sojojin Faransa a 1899, yara na son labarinta sosai. Roƙona kawai kar a sa yara maza su ji kamar laifi ake ɗora musu, su ma a tambaye su wace mace ce a gidansu ta fi burge su, za ki sha mamakin abin da za su faɗa kan iyayensu mata da kakanninsu.

Malama_Aji3:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Maganar jadawalin nan zan kai wa hedimasta ran Litinin don duk makarantar haka tsarin yake. Malam, iyayen mazan ba su zo maka da ƙorafi kan sharar ba? In sun zo me ka ce musu?