Yaya zan jawo malam-buɗe-littafi na dare in kalle su a natse?

Mai Lambu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kullum da daddare malam-buɗe-littafi na dare sukan lafe a bango kusa da ƙwan fitilar ƙofata. Jiya wani ya sauka, fiffikensa sak busasshen ganye, har da jijiyoyin. Kafin in ɗauko waya tsaka ta riga ni. Ina so in riƙa ganinsu da kyau. Matsala ɗaya, uwargida ta ce asu nake gayyato mana, za su cinye tufafi. Gaskiya ne?

Ɗan Fitila:
Wa alaikumus salam. Malam, rataya farin zanen gado a igiya nesa da bango, ka sa fitila a gabansa. Mai hasken UV (wani haske da idon mutum ba ya gani) ta fi jan su, ƙwan fitila mai launin ruwan ɗorawa kuwa ba ya kawo komai sosai. Zaɓi daren da babu farin wata, ga ɗumi, ga gajimare, iska a kwance. Ajiye bokiti a ƙasa ka zuba kwalin ƙwai a ciki, suna son cusa kai cikin ramukan. Amma don Allah kashe fitilar kafin gari ya waye, ka sake su cikin ciyawa, in ba haka ba tsuntsaye ka haɗa wa karin kumallo. Kada ka kama fiffike da yatsa, ƙurar da ke maƙale maka ɓawon jikinsa ce.

Maman Ɗalibai:
Ka kwantar wa Hajiya da hankali. An san nau'i wajen 160,000, 'yan ƙalilan ne tsutsarsu ke cin ulu. Su ɗin ma gudun haske suke, duhun akwati suke nema. Wanda ya zo fitila babu ruwansa da kayanta.

Ni na fi son dabarar zaƙi. Dama ayabar da ta nuna har ta yi baƙi da sukari, bar ta kwana biyu ta yi tsami, shafa a jikin bishiya da magariba. Akwai waɗanda ba sa kula fitila amma wannan sai sun zo. Ka kai tocila a hankali ka ga yadda suke warware dogon bakinsu. A 1862 masanin halittu Charles Darwin ya ga wani furen Madagaska mai maƙogwaro kusan santimita 30, ya ce dole akwai ƙwaro mai bakin da zai kai ƙarshensa. Sai a 1903 aka bayyana shi, kuma cikin dangin nan yake.

Ɗan Fitila:
Wani bincike na 2024 ya nuna ba son fitilar suke ba. Ɗabi'arsu ce juya baya ga haske don sanin ina ne sama, fitila ke rikita su su yi ta zagaye. Shi ya sa ba na kunna tawa dare biyu a jere.

Mai Lambu:
Na gode ƙwarai. Zanen an ba ni, da sharaɗin ni zan wanke. Ayabar fa, tururuwa ba za ta riga su ba?